Kaka a Motar Baƙi

Aikina a shekarun nan shi ne zagayawa da baƙi cikin Ankara, wato Accra a bakin waɗanda ba 'yan zango ba. Wani ƙaramin kamfani ne a unguwar Osu ya ɗauke ni, saboda ina jin Turanci kuma bakina ba ya gajiya. Da safe mu kwashi mutane a otal-otal cikin farar bas, mu kai su filin 'yancin kai, mu kai su kabarin shugaban ƙasa na farko, mu gangara tsohuwar unguwar masunta ta Jamestown su ga hasumiya da kurkuku, mu kutsa kasuwar Makola, a ci abinci, a ƙare a babban masallacin Kanda kafin rana ta faɗi. Aiki ne na wanda ba ya zama. Kullum ina ƙirga mutane, ina duba agogo, ina lallashin wani ya bar ɗaukar hoton akuya ya shigo mota. Ya dace da ni, don tun ina ƙarami ake ce mini mai ƙafar yawo.

Wadda ta fara ce mini haka kakata ce, mahaifiyar mahaifiyata. Ita ta raine ni a ɗakinta na unguwar Maamobi bayan rasuwar 'yarta. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutse a Nijar ta zo, tana amarya, ta biyo mijinta da ya zo lebura a bakin ruwa. Ya rasu, ta zauna, ta riƙe kanta da sayar da shinkafa da wake, wadda a nan ake kira waace. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata uwargida in ina son tsokana, Hajiya in ina neman wani abu.

Tun da na yi wayo nake jin tana cewa bayan Sallah za ta koma gida. Sallah ta zo ta wuce, a ci nama, maganar ta kwanta sai wata shekara. Mun mai da abin abin dariya a gidan haya. Amma a shekarar da nake ba da labari sai na ga an daina dariya. Ta ba maƙwabciyarmu babbar tukunyar da ta yi sana'a da ita. Ta raba kwanukan jerenta ga 'yan matan gidan. Ƙanwarta, wadda ita kaɗai ta rage mata a can, ta samu mai yi mata saƙon murya a waya, kullum da yamma sai Kaka ta miƙo mini wayar ta ce in kunna mata, ta kara a kunne tana gyaɗa kai. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ba ni da uwa, ubana ya yi nisa tun ina goye, ita ce gidana gaba ɗaya, kuma na san in ta tafi a wannan shekarun nata ba dawowa za ta yi ba.

Babu dabarar da ban yi ba. Na kawo maganar gwiwarta, na kawo nisan asibiti a ƙauye, na kawo wahalar hanya da shingayen kan iyaka. Har limamin unguwa na je na roƙa ya yi mata magana, ya zo ya sha kunu ya tashi yana yi mata addu'ar sauka lafiya. Daga ƙarshe wani tunani ya zo mini wanda a lokacin na ɗauka mai kyau ne. Matar nan ta ƙare ƙuruciyarta a garin nan amma ba ta san shi ba sai ta ƙarƙashin tiren abinci. In na zaga da ita ta ga kyansa, ta ga teku daga sama, ta ga masallacin da aka gina mana mai kubbobi, wataƙila ta ji garin nata ne. Na sha yi mata tayin, amsarta ɗaya ce.

“Yawon banza. Mutum da hankalinshi ya biya a kai shi kallon bango?”

Sai wata safiya, ina ɗaure igiyar takalmi, ta ɗaga labule ta tsaya.

“Maigida, motar nan taka tana bi ta bakin ruwa, wurin masu kifi?”

Na ce tana bi.

“Makola fa?”

“Kullum, uwargida.”

“To gobe in akwai wuri ka aje mini.”

Ranar ban taka ƙasa da nauyi ba don murna. Na kira mai kamfanin na roƙi kujera ɗaya, ta yarda da sharaɗin kada a ɓata wa baƙi lokaci. Na ce tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ko sauka daga mota ba lallai ta yi ba.

Washegari Kaka ta fito cikin leshinta na zuwa suna, da mayafi fari, da sandarta, da wata jakar leda mai nauyi da ta ƙi bari in riƙe. Na ɗauka guzuri ne, don ba ta yarda da abincin waje. Direbanmu ɗan unguwar Nima ne, ƙato mai son raha, wanda Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji, ya sauko da kansa ya taimaka mata ta hau kujerar gaba. Baƙin ranar ba su da yawa. Biyu daga cikinsu ne suka tsaya mini a rai: wani dogon Bature mai riƙe da takardar tsarin tafiya yana bin ta da yatsa, da wata Ba'amurkiya baƙar fata, dattijuwa, wadda ta ce mini tun a ƙofar otal kakanninta daga wannan gaɓar aka kwashe su. Na ɗauki lasifika na gabatar da Kaka a matsayin uwargidana, suka yi tsuru-tsuru, sai da na bayyana musu wasan kafin suka saki dariya. Ita ko ko waiwayowa ba ta yi ba, carbinta kawai take ja.

A filin 'yancin kai ta ƙi sauka. Na nuna mata ƙofar nan mai baƙin tauraro a sama, na nuna mata faɗin wurin har zuwa teku, ta leƙa ta taga ta ce, “Fili ne. Ba kowa cikinshi.” A kabarin shugaban ƙasa ma haka, ta ce in je in sallami mutanena, ita tana nan. Na shiga da baƙi ina zuba bayani, amma rabin hankalina yana mota. Na riƙa ce wa kaina bari mu kai teku, nan ne zuciyarta za ta motsa.

Ta motsa kuwa, sai dai ba yadda na shirya ba. A Jamestown na tsayar da baƙi gindin hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa hanya, sannan na shiga da su tsohon kurkukun da ke gefenta, inda aka taɓa tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Wurin yana da duhu da warin gishiri, kuma ba a gaggauta mutane a cikinsa. Ba'amurkiyar nan ta dafa bango ta yi ta hawaye, muka tsaya muka jira ta. Da muka fito na nufi mota in ce wa Kaka ko hasumiyar ta daure ta sauko ta gani. Kujerar gaba babu kowa, jakar ledar ma babu.

“Ina Hajiya?” na tambayi direba.

“Hajiya ya sauka. Ya ce bari ya gai da wani mutum, yanzu zai dawo.”

“Ka bar ta ta tafi ita kaɗai? Da wannan ƙafar?”

“Cale, abokina, ni zan hana tsoho? Ya san hanya fiye da ni.”

Na ce wa baƙi su ɗauki hotuna ina zuwa, na faɗa lungunan da ke gangarawa bakin ruwa da gudu. Wanda bai san Jamestown ba ba zai gane yadda mutum ke ɓacewa a can ba. Rumfunan katako a manne da juna, taru a shanye ko'ina, hayaƙin gashin kifi ya cika ido, ga yara 'yan dambe suna tsalle a kan hanya. Na yi ta tambaya da Ankaranci, yaren 'yan ƙasa, ko an ga wata tsohuwar zango da farin mayafi. Wani ya nuna gabas, wata ta nuna yamma. Gumi ya jiƙe rigar kamfanin, wayata tana ta ƙara a aljihu, na san direba ne.

A bayan wata tanda ta gashin kifi na same ta. Tana zaune a kan benci, gefenta wata tsohuwa Ba'ankariya mai ɗaurin ƙirji, idonta ya yi ja saboda shekarun hayaƙi. Kaka ta riƙe hannun matar da hannu biyu. A cinyar matar ga turmin atamfa da sabulai, daga jakar ledar nan suka fito. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji abin da Kaka ke cewa, tana haɗa Ankaranci da Hausa.

“Ranar da na watsa ruwa a wutarki, kifinki ya lalace, na san ban kyauta ba. Hayaƙi ne ya dame ni a rumfata, amma ba hujja ba ce. Tafiya zan yi gida. Ki yafe mini.”

Matar ta yi dariya har da tari, ta ce ita ma ai da gangan take juya hayaƙin, ta ce ta yafe, ita ma a yafe mata. Suka rungumi juna suna kuka suna dariya. Ni kuwa a nan na gane abin da ya kawo ta.

A wurin mutanen su Kaka, wanda zai yi tafiyar da ba ya sa ran dawowa ba ya tashi haka nan. Sai ya bi duk wanda suka yi zaman tare ko ciniki ko faɗa, ya je da ƙafarsa, ya riƙa ɗan abin hannu, ya nemi yafiya baki da baki. Ba a aike, ba a yi ta waya. Na san al'adar sarai, na ga maniyyata suna yin ta a unguwa kafin su tashi. Abin da ban haɗa ba shi ne, duk wuraren da Kaka ta yi talla a ƙuruciyarta su ne wuraren da nake kai baƙi. Gwiwarta ba za ta iya hawa da saukar torotoro ba, motocin hayarmu masu cunkoso. Ni kuma ga ni da bas mai sanyi da ke bin hanyar tiryan-tiryan. Na ɗauko ta don in ɗaure ta a gari, ashe sallama na kawo ta.

Muka dawo mota tana dogara sanda, ni ina ɗauke da ƙullin busasshen kifi da matar ta ba ta, a naɗe cikin takardar siminti. Kafin mu bar unguwar warin kifin ya gauraye bas. Dogon Baturen ya ɗaga agogonsa ya nuna mini. Na ɗauki lasifika, na ce wani abu game da gine-ginen zamanin Turawa da muke wucewa, ni kaina ban san abin da na faɗa ba. Raina a ɓace yake, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Sai na yi shawara a tsaye. In ba ta gama zagayen ba, ba za ta tafi ba, na san halinta, ba ta barin abu rabi. Na sunkuya na raɗa wa direba ya bar Makola, ya kai mu kasuwar masu sassaƙa da jakunkunan fata, in ce wa baƙi cunkoso ne ya hana. Ya kalle ni ta gefen ido, ya juya kan mota.

Ba mu yi nisa ba Kaka ta daina jan carbi.

“Maigida, wannan ba hanyar Makola ba ce.”

“Hanyar ta cushe, Hajiya. Wata rana ma je.”

“Wace rana? Kai direba, mi ya ce maka?”

Direba ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wa rediyo murya. A daidai nan Baturen ya miƙe daga kujerarsa, ya miƙo mini takardarsa da yatsa a kan sunan Makola. Ya ce an rubuta kasuwar a cikin tsarin, kuma saboda ita ya zaɓi wannan zagayen. Kaka ba ta jin Turanci, amma ta ji sunan kasuwar a bakinsa. Ta juyo ta dube shi a karo na farko tun safe, ta gyaɗa masa kai.

“Ka ji mutumin kirki,” ta ce. “Allah shi yi maka albarka, dogo.”

Haka tsohuwar Dogon Dutse da mutumin da ko sunan ƙasarsa ba ta sani ba suka haɗa kai suka kayar da ni. Direba ya kewaya yana dariya ƙasa-ƙasa, na ji kamar in shaƙe shi.

Makola da tsakar rana ba wurin shiga da tsohuwa ba ne, balle da baƙi. Ka'idata ita ce in bi da su layin atamfa da layin duwatsun wuya, in fitar da su ta wata ƙofa kafin wani ya ɓata. Ranar Kaka ce ta shiga gaba, sandarta tana buɗa mata hanya, 'yan mata masu dako suna kauce mata da tasoshinsu a ka. Ba ni da zaɓi, ba zan bar ta ba kuma ba zan bar baƙi ba, sai na ɗaga hannu na ce su biyo ni. Muka yi jerin gwano cikin layin masu hatsi inda ban taɓa kai kowa ba, ina gaba ina baya, ina ƙirga su a kowace kwana, ina tsawata wa masu ja musu riga.

Ta tsaya gaban wata rumfar shinkafa, ta daɗe tana kallon matar da ke zaune a ciki. Matar ba ta wuce sa'ar mahaifiyata ba. Kaka ta tambaye ta ina mai rumfar, wata 'yar Kumasi mai wushirya. Matar ta ce mahaifiyarta ce, ta rasu tun damina biyu da suka wuce.

Kaka ta nemi wuri ta zauna a kan buhu, ba wanda ya ba ta izini. Sannan ta gaya wa 'yar cewa shekaru masu yawa a wurin uwarta take awon shinkafa, har wata rana ta ce mata a gaban jama'a gwangwanin awonta a lotse yake, alhali ba ta tabbatar ba. Daga ranar ba ta sake takowa rumfar ba, kunya ta hana ta. Ta ciro turare da sabulu ta ajiye a kan tebur, ta ce tun da uwar ba ta nan, 'yar ta karɓa a madadinta. Matar ta rikice, ta ce ita ba ta san zancen ba, amma ta yafe, ta san uwarta ma da ta yafe.

Da na kama hannunta zan tashe ta, Kaka ta dube ni ido cikin ido.

“Ka gani? Wannan na makara. Kai kuma kana ce mini wata rana.”

Ba'amurkiyar ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali me tsohuwar ke yi. Na bayyana mata a gajarce. Ta tambaya ko Kaka ta san sunan ƙauyensu, ko akwai wanda ke jiranta a can. Na ce ta sani, kuma akwai. Ta ce to ta yi sa'a. Na ji haushin maganar, don ba ita za a bari a ɗaki ita kaɗai ba, amma sa'a ɗaya kafin nan na ga matar tana kuka a jikin bango, sai na haɗiye abin da ya zo mini baki.

A gidan abincin da muke kai baƙi na zaunar da su, na yi musu odar abin da ba yaji, na fito. Kaka ta ƙi shiga. Ta yi alwala da ruwan leda, ta yi azahar a zaune ƙarƙashin wata bishiya a bayan gidan. Na yi tawa a gurguje, na zo na tsaya a kanta, na kasa zama.

“Hajiya, yaudarata kika yi.”

“Na ce ka kai ni kallo? Na tambaye ka inda mota take bi, ka faɗa mini.”

“Me aka yi miki a nan? Me kika rasa? Ni ban isa ba ne?”

Muryata ta tashi har wani mai wankin kwanuka ya leƙo. Na faɗi duk abin da ke raina, na ce ita ta raine ni, yanzu da na fara samun abin da zan riƙe ta shi ne za ta tattara ta bar ni. Na ce mutanen can ba su san ciwonta ba, ba su san irin maganin da take sha ba. Na ce in wani abu ya same ta sai dai in ji a waya.

Ta bari na gama, tana gyara bakin mayafinta.

“Zauna, kana sa ni jiri.”

Na tsuguna.

“Damina biyu muka ce za mu yi, ni da kakanka. Ban yi sallama da uwata ba yadda ya kamata, don na ɗauka gobe-gobe zan dawo. Ta mutu ban gani ba. Yanzu duk duniya mutum ɗaya ta rage da ta san fuskarta, ita ma ta tsufa. Ina son in zauna da ita mu yi hirar uwarmu, in na mutu a sa ni kusa da ita. Kai ba ka yi mini komai ba sai alheri. Amma kai namiji ne, ka girma, garinka ne nan. Ni ban taɓa kwana a cikinshi ban yi mafarkin can ba.”

Na so in ce wani abu, sai direba ya danna oda, baƙi sun gama. Na tashi na koma bakin aiki da idanu jawur, na ce musu hayaƙin Jamestown ne.

Sauran zagayen ban san yadda na yi shi ba. A masallacin Kanda na ba matan mayafai, na nuna kubbobi da hasumiyoyi, na amsa tambayoyi. Kaka ta sauka a nan da kanta, ta shiga ɓangaren mata ta yi la'asar, ta fito ta ce wurin ya yi kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka gina. Shi ne kaɗai yabon da na samu a ranar, kuma bai amfane ni da komai ba. Muka mai da baƙi otal. Baturen ya tsaya a ƙofar mota ya ɗan rusuna wa Kaka, ita kuma ta ciro goro ɗaya ta danƙa masa, ya tafi yana jujjuya shi a hannu.

Direba ya sauke mu a mahaɗar Kawukudi rana ta yi sanyi. Kafin ta sauka sai da ta ce masa ya yafe mata wahalar da ta ba shi yau. Ƙaton nan ya cire hula ya ce, “Hajiya, ba komai, Allah ya kai ka lafiya,” yana sharar ido da bayan hannu. Na ɗauki kifin na yi gaba, ina sauri da gangan, ina jin ƙarar sandarta a bayana. Muka shiga lungunan Maamobi, masu koko suna hura wuta, 'yan Islamiyya suna tashi. Wajen wata 'yar gada ta katako da ke kan kwata sai na daina jin sandar.

Na waiwaya. Tana tsaye a tsakiyar hanya, jakar ledar a naɗe a hannunta, babu sauran komai a ciki.

“Saura kai, maigida.”

“Ni ba ki yi mini komai ba. Mu je gida.”

“Na buge ka kana ƙarami, wani da laifi wani ba laifi. Na hana ka zuwa wurin dangin ubanka don kada su riƙe ka. Ga kuma wannan da zan yi maka yanzu, shi ya fi duka. Ka yafe mini.”

“Hajiya, mutane na kallo.”

“Su kalla.”

Na juya mata baya. Na san sarai muddin ban faɗa ba ba za ta hau mota ba, ko shekara nawa za a yi. Abin da na nema tun safe ga shi ta danƙa mini a hannu, kalma ɗaya ce kawai zan hana. Masu babur suna kewaye ta suna oda, wata mata mai tire ta gaishe ta ta wuce, ba ta motsa ba. Na tsaya ina kallon ruwan kwata, ina lissafin yadda za mu ci gaba da zama a ɗaki ɗaya, ita tana jira ni ina riƙe.

“Ƙafata ba ta iya tsayuwa da yawa,” ta ce, ba da ƙarfi ba.

Na dawo. Sandar tana rawa a hannunta. Na ajiye kifin a ƙasa, na tsuguna a gabanta a cikin ƙurar hanya kamar yadda ta koya mini gaida manya.

“Na yafe, Kaka. Ni ma ki yafe mini.”

Ta ɗora hannu a kaina ta ce ta yafe duniya da lahira. Na yi kuka a wurin, ban damu da wanda ya gani ba. Da na miƙe sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wayarta ta miƙo mini, ta ce in kira ƙanwarta in gaya mata da bakina.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Na ji kukan awaki daga can nesa, sannan wata siririyar murya mai kama da ta Kaka ta yi sallama. Na amsa mata sallamar.

“Inna, ni ne jikanta,” na ce. “Ku share mata ɗaki. Ni zan kawo ta da kaina.”